Kirifto a Ƙasar Gobir: Wa Ke Yanke Farashi?

   

Laccar yau a kan kuɗin kirifto ce, wato kuɗin nan na intanet da ba a riƙe shi a hannu, sai dai a gan shi a fuskar waya. Tambayoyi biyu ne a gaba. Me ya sa wannan kuɗi ya karɓu a Najeriya har labarinsa ya iso ƙauyukan bakin iyaka? Me kuma ke ɗaga farashinsa yau, gobe ya maka shi da ƙasa? Abin da ke tura mutum cikin harkar yana nan gida, a aljihunsa. Abin da ke juya farashin kuwa yana can ƙetaren teku, kuma ba a shawara da kowa a gabashin Sakkwato kafin a juya shi.

Ƙasar Gobir ba yau ta fara ganin kuɗin da babu sarkin da ya buga shi ba. Lokacin da Alkalawa, babban birnin Gobir, ke kan ganiyarta, a zamanin Bawa Jan Gwarzo cikin ƙarshen ƙarni na 18, da wuri ake ciniki a kasuwannin ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna wuri ya shigo ne a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Daga tsibiran Maldibs da ke Tekun Indiya ake kwaso shi, ya sha tafiya a jirgin ruwa da kan 'yan dako da bayan jakuna kafin ya iso. Wannan wahalar ce ta ba shi daraja. Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar a Kano cikin 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa guda. Amma tun a shekarun 1840 fataken Jamus na birnin Hamburg sun gano wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka shiga jibgo shi jirgi-jirgi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Alkalawa ta riga ta faɗi tun 1808, sai dai Gobirawan Tsibiri da waɗanda suka kafa Sabon Birni daga baya sun ga abin da ya biyo: wuri ya yi ta zubewa, har ta kai kuɗin ɗaukarsa zuwa gari mai nisa na cinye rabo mai tsoka daga cikinsa. Wanda ya binne tukunyar wuri a ɗakinsa bai yi asarar ƙwaya ɗaya ba, amma dukiyarsa ta ragu saboda shawarar da aka yanke a Hamburg.

Wanda ya ƙirƙiri Bitcoin kamar ya san wannan labari. A ranar 31 ga Oktoba 2008, ana tsakiyar rugujewar bankunan Amurka, wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da tsarin, kuma aka fara aiki da shi ranar 3 ga Janairu 2009. Ƙa'idarsa ta farko ita ce adadi: ba zai taɓa wuce guda miliyan 21 ba. Dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe kundi guda na duk wata hada-hada, kuma masu wannan aiki, da ake ce wa mahaƙa, ana biyansu da sabon Bitcoin. Duk bayan kimanin shekara 4 ana raba wannan lada gida biyu. Daga 50 ya koma 25 a 2012, ya koma 12.5 a 2016, ya koma 6.25 a 2020, sannan 3.125 a Afrilun 2024. Sabon kaya na raguwa, masu nema na ƙaruwa, farashi ya hau. A Mayun 2010 wani mai suna Laszlo Hanyecz ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa faifan fiza biyu. A Disamban 2024 guda ɗaya ya haura dala 100,000.

Masu tallar kirifto nan suke tsayawa, su ce ai ga shi, abu ne mai iyaka. Iyakar ta Bitcoin ce kaɗai. Sauran kuɗaɗen sun kai dubbai masu yawa, kuma a yau yaro mai waya da 'yar data zai iya ƙirƙirar sabo kafin shayinsa ya huce, ya sa masa sunan kare ko na mawaƙi. A 2024 an fitar da wani da sunan mawaƙi Davido, ya tashi sama cikin sa'o'i, ya rufto, har hukumar SEC mai kula da hannayen jari ta fito ta yi gargaɗi a kansa. Wurin Zanzibar ke nan, sai dai wannan karon ba a ma buƙatar jirgi.

To, me ya kawo ɗan Najeriya cikin wannan kasuwa? Kamfanin Chainalysis da ke bibiyar harkar ya sa Najeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, bayan Indiya, ya kuma ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 59 ta shigo ta wannan hanya daga Yulin 2023 zuwa Yunin 2024. Ba son fasaha ne ya jawo haka ba, naira ce. Mutumin bakin iyaka ba ya buƙatar jarida ta gaya masa halin da naira ke ciki, don kuwa kullum yana auna ta da sefa. A 2014 sefa 1,000 ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,500. Sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Naira ce ta zame. Da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma ta wuce 700 cikin kwanaki, a Fabrairun 2024 kuma ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage. Hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Falken da ke sayar da dabbobi da naira, ya sayo kaya a Maraɗi da sefa, idan ya ajiye kuɗinsa wata uku ya ci bashin kansa.

Shi ya sa abin da 'yan Najeriya da yawa ke saye ba Bitcoin ba ne. USDT ne, wani kirifto da kamfanin Tether ke fitarwa tun 2014, wanda aka tsara kowane guda ya tsaya a kan dala ɗaya. Dala ce a cikin waya, babu layin banki, babu cike takarda. A nan ne kirifto ke da amfani na zahiri ga ɗan kasuwa: ya ajiye darajar jarinsa, ya biya mai kaya a Guwanzu ko Dubai cikin mintoci, ɗan'uwa da ke ci-rani ya aiko da kuɗin cefane.

Ga yadda cinikin ke gudana, wanda 'yan harkar ke ce wa P2P. Saurayi na zaune a benci a rumfar mai cajin waya, janareto na ruri a bayansa, wayoyi sun fi talatin a jere kan katako kowace da lambarta a manne. Ya buɗe manhaja, ya ga jerin masu sayar da USDT, kowa da farashinsa da yawan cinikin da ya taɓa kammalawa. Ya zaɓi ɗaya. Manhajar ta kulle kayan mai sayarwa a hannunta, kamar amana. Sai lambar asusu ta bayyana, tare da gargaɗin da kowa ya haddace: kada a rubuta kalmar kirifto a wurin bayanin tura kuɗi. Saurayin ya miƙa wa mai POS na kusa tsabar kuɗi, ko ya tura daga OPay ɗinsa, ya danna cewa ya biya. Can wani gari, mutumin da bai taɓa gani ba ya duba alat, ya saki kaya. Idan sabis ya ɗauke a tsakani, sai ya tashi ya riƙa ɗaga waya sama yana neman inda zai samu sanda biyu, agogon cinikin kuwa na ƙirga mintoci. Idan shi ne mai sayarwa, abin tsoronsa alat na bogi: saƙo ya shigo, kuɗi ba su shigo ba.

Wannan salon ciniki hukuma ce ta raine shi ba da niyya ba. Ranar 5 ga Fabrairu 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto. Mutane ba su daina ba, sai suka koma saye hannu da hannu. A Oktoban wannan shekara aka ƙaddamar da eNaira, amma ba ta karɓu ba, kuma dalilin a fili yake: naira ce dai, abin da ake gudu. Sai canjin kuɗi ya zo a farkon 2023, tsabar kuɗi ta ɓace, masu POS suka tsawwala, a wasu kasuwannin bakin iyaka aka koma ciniki da sefa. Mutane da yawa da ba su taɓa yarda da kuɗin waya ba a lokacin suka koyi tiransifa dole. Wanda ya iya tiransifa kuwa, taki ɗaya ya rage masa ya iya P2P.

A Disamban 2023 Babban Banki ya janye haramcin. Wata biyu kacal bayan haka gwamnati ta juyo kan Binance, dandali mafi girma, bisa zargin cewa farashin dala da ke fitowa a shafinsa shi ke karya naira. Gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, ya ce dala biliyan 26 ta bi ta Binance a Najeriya cikin shekara guda ba a san tushenta ba. Aka tsare jami'an kamfanin biyu. Nadeem Anjarwalla ya tsere a Maris, Tigran Gambaryan ya zauna har Oktoba kafin a sake shi. Binance ta daina hulɗa da naira. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, don 'yan canji da yawa sun koma duba waya kafin su faɗi farashi. Naira ta farfaɗo zuwa wajen 1,100 a Afrilu, aka yi ta murna. Kafin damina ta yi nisa ta sake wuce 1,500, alhali Binance ba ta nan. 'Yan P2P suka watsu zuwa wasu dandamali, wasu kuma zuwa zaurukan WhatsApp da Telegram inda babu mai riƙe amana, kuma nan ne damfara ta fi yawa.

Wannan duka bayanin ƙofar shiga ne. Farashi kuwa, babban mai juya shi Babban Bankin Amurka ne. A Maris 2020, da korona ta rufe duniya, Bitcoin ya faɗi ƙasa da dala 5,000. Amurka ta mayar da kuɗin ruwa kusan sifili, ta watsa daloli cikin tattalin arziki, masu jari suka rasa inda za su kai kuɗi ya haihu, sai suka afka wa duk abin da ke da kasada. Zuwa Nuwamban 2021 Bitcoin ya kai dala 69,000. Daga Maris 2022 bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa har ya wuce kashi 5 cikin ɗari, daloli suka koma gida. A Mayun wannan shekara kuɗin Terra, wanda shi ma aka ce yana ɗaure da dala, ya narke tare da ɗan'uwansa Luna, kusan dala biliyan 40 ta salwanta cikin mako guda. A Nuwamba dandalin FTX ya rushe, aka gano mai shi, Sam Bankman-Fried, ya taɓa ajiyar mutane. Daga baya kotu ta yanke masa shekara 25. Bitcoin ya sauko wajen dala 16,000. Wanda ya saya a sama ya rasa kashi uku cikin huɗu. Tashin da ya biyo baya ma daga can aka kunna shi: a Janairun 2024 hukumomin Amurka suka amince manyan kamfanonin jari irin su BlackRock su sayar wa abokan hulɗarsu hannun jarin Bitcoin, sannan zaɓen Donald Trump a Nuwamba ya ƙara wa wutar fetur.

Bakin manya ma na juya kasuwa. Kamfanin Tesla na Elon Musk ya sanar a Fabrairun 2021 cewa ya sayi Bitcoin na dala biliyan 1.5, farashi ya yi tsalle. A Mayu Musk ya ce kamfanin ya daina karɓarsa, farashi ya rufto.

Akwai kuma abin da ke mayar da ƙaramar faɗuwa ta zama ambaliya, wato cinikin bashi. Mutum ya ajiye naira 100,000, dandali ya ba shi damar yin ciniki kamar yana da miliyan 2. Idan farashi ya hau kashi 5 cikin ɗari, kuɗinsa sun ninka. Idan ya sauka kashi 5, na'ura ta sayar da kayansa ba tare da sallama ba, asusu ya ƙone. Wannan sayarwar dole tana ƙara kayar da farashi, sai ta ƙone na gaba, shi ma ya ƙone na gabansa. Ranar Juma'a 10 ga Oktoba 2025, kwanaki kaɗan bayan Bitcoin ya kai dala 126,000, Trump ya yi barazanar ƙaƙaba wa kayan Sin sabon haraji. Cikin kwana guda cinikin bashi na kimanin dala biliyan 19 ya ƙone. Abin ya fara ne wajen ƙarfe 10 na dare agogon Najeriya, lokacin da mai caji ya kashe janareto, wayar saurayin garin Isa kuma tana kan kashi 3.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kasuwar kirifto ba ta tashi, ba dare ba rana, ba Juma'a ba Salla, kuma wanda labari ya fara isa gare shi shi ke cin riba. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa, don yaƙi da 'yan bindiga. Aka shafe makonni ba a iya ko kiran ɗan'uwa. A daidai wannan tsakanin Bitcoin ya taso daga wajen dala 41,000 ya nufi ƙololuwarsa. Mai USDT a waya bai yi asara ba, sai dai kuɗinsa sun zama kamar a rijiya babu guga. Mai cinikin bashi kuwa, ba shi da ikon ko rufe cinikinsa. Duk wanda ke shirin shiga harkar daga wannan yanki ya sa wannan cikin lissafi tun kafin ya sa farashi.

Da yawa daga cikin matasan da ake ce wa 'yan kirifto a Arewa ba su taɓa sayen ko kobo ba. Mainin suke yi, na danna fuskar waya. A Mayun 2024 Notcoin ta fashe, kamar yadda suke faɗa, wasu suka samu kuɗi masu kauri daga wasan da ba su zuba komai ba sai data. Nan take gari ya ɗauka. Hamster Kombat ta yi iƙirarin samun 'yan wasa miliyan 300. A majalisa da shagon aski da bayan aji babu abin da ake ji sai ƙwanƙwasar yatsa a gilashi, ana tambayar juna ko an samu lambar sirrin yau. Da aka fitar da ita kasuwa ranar 26 ga Satumba 2024, galibin mutane abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Lissafin bai da wuya: tuwo ɗaya ne, masu ci suka ninka sau da yawa, kuma kowa na son sayarwa a rana guda. Pi ta fi daɗewa tana riƙe da zukata. Tun 14 ga Maris 2019 ake danna ta, wasu suka yi ta yaɗa cewa guda za ta kai dala 314,159, har aka samu masu yi wa aure da gini alƙawari da ita. Adadin Pi duka biliyan 100 ne. A wancan farashi darajarta za ta ninka abin da duniya gaba ɗaya ke samarwa a shekara fiye da sau 200. Da aka buɗe kasuwarta ranar 20 ga Fabrairu 2025 ta kusa dala 3, cikin 'yan makonni ta koma ƙasa da dala 1. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A irin waɗannan wasanni saurayin da ke dannawa shi ne hajar: yawansa ake nuna wa masu talla da masu zuba jari.

CBEX kuwa, wadda ta riƙa karɓar kuɗin mutane da sunan cinikin kirifto, ba kasuwa ba ce ko kaɗan. MMM ce, adashen ƙaryar nan na 2016, ta sake riga, ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe a Afrilun 2025, fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan, EFCC ta shiga bincike.

Malamai na nan zaune, kuma su ne masu fatawa, amma yana da kyau a san cewa duniyar Musulmi ba ta haɗu a kan magana ɗaya ba. Tsohon Babban Muftin Masar, Shawki Allam, ya haramta cinikin Bitcoin saboda garari da kama da caca. Majalisar Malaman Indonesiya ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021. A Malesiya kuwa, kwamitin shari'a na hukumar hannayen jari ya halatta cinikinsa a dandamali masu rajista tun 2020. Abin da zai taimaki mai tambaya da mai amsa shi ne a rarrabe. Falken da ya sayi USDT don biyan kuɗin kaya, da saurayin da ya ci bashin ninki 20 yana cacar farashin daren yau, da wanda ya kai kuɗin sayar da ragonsa ga mai alƙawarin ninkawa, kowannensu da irin tambayarsa, ko da yake sunan kirifto ya haɗa su.

Doka ma ta sauya. A Agustan 2024 hukumar SEC ta ba Quidax da Busha amincewar farko ta gudanar da dandalin kirifto a Najeriya. A Maris 2025 shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar SEC, ta kuma tanadi ɗauri ga masu shirya adashen ƙarya irin na CBEX. Mai son shiga yanzu yana da inda zai duba ko dandali na da rajista kafin ya tura kuɗinsa. Rajistar ba ta hana farashi faɗuwa, ba ta kuma shafi dandamalin waje da zaurukan Telegram inda galibin matasan yankin nan ke ciniki. Tana zuwa da sharaɗi ma: dandali mai rajista zai nemi BVN da NIN, kuma tun dokar kuɗi ta 2023 ribar da aka ci a kan kadarar intanet ta shiga cikin abin da ake biya wa haraji.